Taliyar Tsohuwar Nagano

Kano

Ana sallame Asuba na fito daga gidanmu a Ƙofar Mata, shekarar da soja suka koma bariki. Marinan Japan ne suka gayyace ni in nuna musu rininmu na shunin baba. Shida da rabi ɗan tasi ya sauke ni a filin jirgi, yana cewa, "Malam, ka gaida masu ƙera babura!" Legas, Turai, Tokyo, kwana biyu ina zaune har ƙafafuna suka kumbura.

Nagano

Daga Tokyo jirgin ƙasa awa ɗaya da rabi, sai duwatsu. Na sauka gidan wani tsohon marini da matarsa. Malam Habu, ɗan unguwar Zaitawa ta Kano da ke karatu can, shi ne tafinta.

Da azahar tsohuwar ta kawo soba, taliyar garinsu. Da garin wani hatsi baƙi-baƙi ake yinta, ita ta kwaɓa ta yanka da wuƙa. Da sanyinta ake ci, a kan faifan gora, ana tsomawa a ɗan romo mai albasa da koren yaji mai hawa hanci. Habu ya raɗa mini cewa romon bisa al'ada har da giyar shinkafa, amma tsohuwar sati guda ta yi tana gwada wanda babu giya, saboda ni. Mijinta ma ya ce mata ba zai yi daɗi ba.

Wallahi ya yi daɗi! Sai na ci irin cin gidanmu, baki rufe, ko ƙwas ba ka ji. Tsohuwa ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta fara neman gafara da idanu jawur.

"Habu, me na yi?"

"Yaya, a nan in ka ci shiru ba ka ji daɗi ba ke nan. Zuƙa ake yi, a ji."

"Da furfurata?"

"Kuka fa za ta yi."

Kunya kamar in nutse. Na tsoma, na rufe ido, na zuƙa, fuuut! Romo har gemu. Tsohuwa ta dafe ƙirji, ta juya ta harari mijinta, sannan ta ƙaro mini faifai biyu. Daga ƙarshe ta tsiyaya ruwan dahuwar taliyar a sauran romon, muka shanye da zafinsa.

Gida

Ranar Juma'a da hantsi na iso, alhamdu lillahi, Allah Ya saka wa mutanen nan da alheri. Innata ta riƙe hannuna ta ce, "Ba ka dai ba mu kunya a gidan mutane ba ko?"

Na ce, "Inna, na bayar, har maƙwabta sun ji."