Kujerar da Baba Zarto Ya Yi wa Inna

Duk unguwa ba mai kiransa da sunan yanka, sai Baba Zarto, don in ya kama minshari bayan azahar sai ka rantse katako ake yankawa. Shekara arba'in yana aikin kafinta a rumfar ƙofar gidansa. Ya yi wa kowa kujera, amma matarsa, Inna, a kan kifaffen bokiti take zama ta yi wanke-wanke.

Ba wai bai yi alkawari ba. Akwai falankin kirya guda ɗaya, baƙi mai sheƙi, da ya jingine bayan ƙofa tun autarsu tana goye, wai kujera mai majingina zai yi mata. Kirya kuwa, in ji shi, in gara ta cije ta sai ta nemi likitan haƙori. Ruwa ba ya cin ta, zarto biyu take dakusarwa kafin ta yanku. Dokarta ɗaya ce: ba a buga mata ƙusa sai an huda tukuna. Duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya sha ranƙwashi a kan wannan doka.

Bana bayan Inna ya fara ciwo, shi kuma hannunsa ya fara rawa. Ya gane in bai yi kujerar nan yanzu ba, shi ke nan. Sati uku yana yanka, ya huta, ya wasa zarto, ya sake hutawa. Inna ta ce hutun ya fi aikin auki.

Ran da ya zo haɗa majinginar, ƙusa takwas take so. Ya huda wuri bakwai da abin huda na hannu, wuyan hannunsa ya kumbura suntum. Ya dubi na takwas, ya dubi guduma, ya waiga hagu da dama, ba kowa. Bugu ɗaya, majinginar ta tsage daga sama har ƙasa.

Ya zauna cikin garin katako har la'asar. Babu sauran kirya, in ma akwai, babu sauran hannu.

Inna ta fito masa da ruwa, ta ga tsagar. Ta tambaye shi ko ta aika a kira tsofaffin yaransa su zo su rama ranƙwashinsu.

"Bar zolaya, Innar yara. Bayanki nake ji."

"To ai bango ma majingina ne, Malam. Cire tsagaggiyar, mu kai sauran can."

Su biyu suka ja kujerar da nishi har gindin bangon tsakar gida, kamar masu jan jakin da ya ƙi tafiya. Tana nan har yau, don ba mai ƙarfin matsar da ita. Inna kan zauna a kai ta jingina da bango. In ta tashi ɗora girki, Baba ya maye gurbinta, ya miƙe ƙafa, ya ɗora kumburarren hannun a cinya, zarto ya fara aiki.