Ranar da Aka Auna Maganin Inna a Sikelin Zinari

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da na kai maganin Inna wurin mai sayen zinari a kasuwar Anka.

Lokacin ina kabu-kabu, ban daɗe da aure ba. Inna ta tashi daga doguwar jinya, amma cikinta ya ɗaure, abinci ya fita ranta. Kullum tana kwance, tana cewa mu bar wahalar da kanmu a kan tsohuwa. Wallahi wannan magana ta fi ciwon ci mini rai.

Ana nan sai Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta dawo daga aikin Hajji da wani iri ƙulle a leda. Kamar riɗi yake, sai dai ya fi shi girma, ja-ja, yana sheƙi, yana zamewa a hannu. Ta ce sunansa kattan, kuma Balaraben da ya sayar mata ya ce a daka giram goma a zuba a kunu kullum, a bi da ruwa mai yawa. To fa, giram kuma! Mu da muka san tiya da gwangwani da cokali? Inna ta ce, "Ni ba ni shan abin da ba a san awonai ba. Ku bar ni."

Ina kan babur na tuna da masu haƙar zinarin da nake ɗauka, waɗanda zancensu ke nan, giram, giram. Na juya gida, na ɗauki ledar da cokalin shayin Inna, sai kasuwa.

Mai sayen zinarin dattijo ne, baƙo daga gabas, yana zaune a rumfa da ɗan sikelinsa mai faranti biyu, mahaƙa sun yi layi duk jikinsu jar ƙasa. Da na kwance ledar, ɗaya ya leƙo ya ce, "Kai, wanga zinari daga wane rami? A ba mu iri mu shuka, mu huta da haƙa!" Aka kwashe da dariya, kunya ta kama ni. Amma da na yi bayani, dattijon ya dube ni ya ce, "Mahaifiyarka ce?" Na ce e. Ya ce wa mahaƙan su dakata.

Ya wanke hannu, ya goge farantan tas, ya ɗora ɗan ƙarfen giram goma a gefe guda. Ya cika cokalin Inna, ya shafe bakinsa da tsinke, ya zuba a hankali. Har yau ina ganin abin kamar a mafarki. Ranar la'asar tana ratsowa ta zanar rumfa, irin yana sulalowa yana ƙyalli, farantan suna lilo a hankali, hayaniyar kasuwa ta yi nisa, ƙartin nan duk sun yi tsit suna kallo. Ya zuba na biyu. A na uku farantan suka tsaya daidai. Ya ce, "Cokali uku, a shafe, ba a tule ba. Allah ya ba ta lafiya." Mahaƙan suka amsa da amin gaba ɗaya.

A gida matata ta ɗan soya shi, ta daka, ta dama kunun gero. Inna ta kalli ƙwaryar ta ce, "Wa ya auna?" Na ba ta labari duka. Ta ce, "Sikelin zinari? Don ni mutane suka tsaya jira?" Sai dariya, har da tari, rabon da mu ji dariyarta tun kafin ciwon. Ta yunƙura ta zauna da kanta, ta ce, "Miƙo nan, ɗan nema." Ta shanye tas, ni kuwa na fita zaure don kada ta ga hawayena.

Ban sani ba ko irin ne ya warware mata ciki. Abin da na koya shi ne, mara lafiyar da ya ɗauka ya zama kaya a wuyan mutane ba zai buɗe baki ga magani ba, sai an nuna masa har yanzu yana da daraja.