Shekarar da Ban Yi Goyo Ba

Haihuwata ta fari gida na je, Ƙanƙara, kamar yadda aka saba. Kwana biyu ina naƙuda abin ya ƙi, sai aka sa ni a mota zuwa asibiti, can aka yi mini aiki aka ciro ɗiya mace. Ranar da za a sallame ni likita ya ce kada in ɗaura komai ya matse mini ciki, kada in ɗauki abu mai nauyi, sai bayan watanni. Inna ta tambaye shi, “To goyon fa?” Ya ce har da goyon. 

Lokacin ina koyarwa a wata firamare bayan garin Faskari, maigidana kuma malamin gona ne. Shekarun nan ne da gwamnati ta samu arzikin mai ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta. Mu malamai muka bi gida-gida muna rubuta yara, maza da mata. Da hutuna ya ƙare na koma Faskari na shiga neman yarinyar da za ta yi mini raino, sai na tarar duk wadda ta isa riƙon jariri tana aji, wasu ma ni na rubuta su da hannuna. Inna ta biyo ni ta yi wata guda, sannan shuka ta matso, Baba kuma ba ya jin daɗin jikinsa, dole ta koma.

Na gwada goyon a ɓoye, sau ɗaya. Ina ɗaure majanyi na ji kamar an ja mini wuƙa a ƙasan cibiya. Na durƙusa a tsakar ɗaki da ɗiyar a bayana, na daɗe ban iya kwancewa ba. Da maigidana ya dawo ya ga yadda nake tafiya, ya ce ranar Asabar za mu Zariya, ya taɓa ganin keken jarirai a wani kanti.

Tafiyar kanta ta gajiyar da ni. Duk ramin da motar ta faɗa sai na ji shi a ɗinkin. Muka isa kantin wajen azahar. Kekuna iri uku ne a jere. Na farko ƙato ne, baƙi mai walƙiya, da rumfa da sifirin mai hana girgiza, cikinsa kamar ƙaramin gado. Na biyu ana naɗe shi kamar laima, tayoyinsa ba su fi murfin gwangwani ba. Na uku ba shi da wani kyau: tamfol ne shuɗi aka ɗinka bisa siraran ƙarafa, da tayoyi huɗu masu ɗan faɗi, na roba zalla, ba iska a ciki.

Maigidana bai ko dubi sauran ba, ya dafa baƙin.

“Wannan shi ne keke,” ya ce. “Ko a Kaduna aka gan ki da shi an san daga gidan mutunci kika fito.”

Na ce, “Malam, ɗaga shi mu gani.”

Ya ɗaga da hannu biyu, sai da ya yi nishi. Na ce masa tsakanin gidanmu da makaranta akwai rafi, wa zai riƙa ɗaga mini shi safe da rana? Ya sauke shi.

Na ɗaga mai kama da laima da hannu ɗaya, ya taso kamar ba komai. Raina ya so shi, don a lokacin duk abin da ba shi da nauyi masoyina ne. Amma tayoyin nan suka tsaya mini a rai. Na roƙi mai kantin ya bar ni in fita da shi da shuɗin bayan kanti, inda ba siminti. Ya ce, “Malama, kaya za su yi datti.” Na ce in ban gwada ba ba zan saya ba. Ya dubi maigidana, maigidana ya dubi ƙasa, sannan aka buɗe mana ƙofar baya.

Wurin tsakuwa ne da yashi. Na kwantar da ɗiyar a ƙaramin, na tura. Taku uku tayoyin gaba suka nutse, keken ya nemi kifewa. Na mayar da ita cikin shuɗin. Ya yi ta girgiza, yana ƙara kamar tsohon amalanke, amma ya wuce. Na ɗaga shi, na ji ciwo kaɗan, irin wanda zan iya zama da shi. Na ce shi nake so. A mota, da muka wuce Funtuwa, maigidana ya ce abin ya yi kama da kujerar masu gadi.

Kullum da safe nakan fita da shi tun kafin rana ta yi zafi. Inda ƙasa ke da tauri in tura, inda yashi ya yi yawa in juya in riƙa jansa ta baya. In an yi ruwa laka ta cika tayoyin har su daina juyawa, sai in tsaya in nemi kara in ƙwaƙule. A makaranta in ajiye shi gefen allo. In ta yi kuka in riƙa girgiza shi da ƙafa, hannuna na rubutu.

Hanyar ba ta kai maganar mutane gajiyarwa ba. Ɗiyar fari ce, wadda ko kallonta ba a so uwa ta cika yi a gaban jama’a, ga ni kuma na sa ta gaba muna kallon juna tun daga ƙofar gida har makaranta. Mata a bakin rijiya sukan yi shiru in na iso, in na wuce dariya ta tashi. Ban taɓa tsayawa na yi bayani ba. A lokacin aikin haihuwa ba abin da mace ke faɗa ba ne, ana ganinsa kamar kasawa.

Akwai wata tsohuwa Bamagujiya mai gona dab da rafin. Ita ba ta jira in wuce. Takan miƙe daga noma, ta dafa ƙugu, ta ce, “Ke ɗiyar nan, ƙaya ce a bayanki? Mutum guda ki zuba shi cikin baro kamar taki?” Nakan ce, “Ina kwana, Iya,” in wuce. Mun fi wata guda a haka.

Wata safiya ruwan rafin ya kai gwiwa. Na tsaya na rasa yadda zan yi: in ƙetare da ɗiyar in ajiye ta a ƙasa in dawo ɗaukar keke, ko in fara da keken in bar ta a nan. Tsohuwar ta fara maganarta ta kullum. Ban san lokacin da na juya ba. Na duba ba namiji a kusa, na sassauta zanena, na nuna mata wurin ɗinkin. Har lokacin ja ne, gefe ɗaya yana ɗan ruwa.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta jefar da fartanya, ta tattare zanenta, ta ce, “Riƙe can.” Ta kama gaban keken, na kama baya, muka ƙetare da ɗiyar a ciki tana barci. A ɗaya gefen ta ce, “Mi ya hana ki faɗi?” Na ce ban sani ba. Daga ranar har ƙarshen damina, in na iso rafin tana nan. Ba ta daina faɗa ba, sai dai yanzu cewa take ina saurin tafiya, ko ban rufe wa ɗiyar kai ba.

Bayan kaka aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Sabuwa, ni ma aka mayar da ni can. Aka ɗora kayanmu a babbar mota, keken a sama an ɗaure da igiya. Hanyar ba kyau, wuni guda muka yi. Da aka sauke shi ƙarfen tayoyin baya ya lanƙwashe, wani maƙeri ya buga ya miƙe, amma daga nan kullum hagu yake ja.

Zuwa lokacin ciwon ya warke, sai na ce bari in koma goyo. Ɗiyar ta ƙi. Wata tara ba ta san baya ba. In na ɗora ta sai ta sandare, ta riƙa tura ni da hannu, tana leƙowa ta gefe tana neman fuskata. Maƙwabciyata ta ce in daure, kuka ba ya kisa. Na yi kusan mako biyu ina zagaya tsakar gida da ita tana ihu, kafaɗuna na zafi, don ni ma jikina bai saba ba.

Ranar da ta fara yarda muna cikin aji ne, ina koyar da lissafi. Na ji kukan ya ragu, sannan kanta ya sauka tsakanin kafaɗuna, da nauyi, da ɗumi. Ƙafafuna sun gaji ƙwarai, ga kujera nan kusa, amma na ji tsoron in na zauna za ta farka. A tsaye na ƙarasa darasin, a tsaye na duba littattafan yara har aka kaɗa ƙararrawa.