Gidajen da Sista Ta Tafi da Sunayensu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Sista, tsohuwar ma'aikaciyar jinya wadda ta kafa tattakin neman magani da muke yi sau biyu a shekara. Kwana huɗu kacal ta yi a kwance.

Sista, shekara tara ke nan da kika shigo ɗakin malamai na makarantarmu kika ce ƙafafu kike nema. Kowa ya samo wanda zai ɗauki nauyin tafiyarsa, mu taka daga ƙofar asibiti har ƙauyukan bayan gada, abin da aka samu a sayi magani a kai wa waɗanda ko ɗakin shan magani ba su da shi. Na ce miki gwiwata na ciwo. Kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Malama, bakinki dai lafiyarsa lau. Ke za ki riƙe tuta ki ja mana waƙa." Haka na zama ta gaba, ke kuma kullum kina can baya da tsohuwar jakarki.

Mun sha yi miki tsiya kan wannan jan ƙafa. Da an shiga ƙauye sai ƙishirwa ta kama ki, ki faɗa wani gida neman ruwa, alhali ga motar ruwa tana biye da mu. Direban har cewa ya yi cikinki tanki ne. Ba ki taɓa musu ba, dariya kawai kike yi.

Sai a tattakin ƙarshe, kina manna mini filasta a diddige, kika faɗa mini gaskiya. Akwai masu farfaɗiya a gidaje goma sha ɗaya, iyalansu sun ɓoye su don gudun bakin mutane, ko kusa ba za su zo layin rabon magani ba. Kin rantse musu ba za ki rubuta sunansu ko'ina ba. Ashe shan ruwan nan, maganin wata shida kike ajiye musu, ki duba mai ciwon, ki fito kina goge baki. Na ce ki nuna mini gidajen ko don halin rayuwa, kika ce sai kin nemi izininsu tukuna. Ban sake tayar da maganar ba, kuma wannan sakaci yana cin raina.

Yanzu saura mako uku tattaki, maganin hannunsu kuma ya kusa ƙarewa. Sabon maganinsu yana nan a kabad. 'Yarki ta zazzage jakar, ba komai sai filasta da almakashi. Na tambayi duk wanda ya taɓa tafiya da mu. Kowa ya tuna kina shiga gidaje, ba wanda ya tuna waɗanne. Direba ya nuna mini ƙofofi biyu, na yi sallama, aka ce mini lafiyar kowa ƙalau, aka rufe. Wani likita ya ce mini idan maganin ya yanke farat ɗaya, ciwon kan dawo da ƙarfi, ga shi kin ce mini ɗayarsu mai goyo ce da ke girki a bakin wuta. Za mu yi tattakin, Sista, amma wallahi ban ga mafita ba, kuma tsoro nake ji.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya suturta ki kamar yadda kika suturta bayinSa. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki da 'yarki da jikokinki da duk abokan tafiya, Allah Ya ba mu haƙuri. Ina kuma yi wa gidajen nan goma sha ɗaya ta'aziyya, ko da yake ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba, kuma mai yiwuwa har yau ba su ji kin rasu ba.