Arlen Tollefsrud, Wanda Bai Taɓa Taka Tudun Ba

Kafin hazo ya tashi daga kan kogin Mississippi, Arlen Tollefsrud ya riga ya ajiye tsohuwar motarsa a gindin tsauni, ya rataya gorar kofi, ya saɓa gatari da manjagara ya kama hanya. Sama da shekara talatin ke nan haka safiyarsa take. Ya share ganyen da ya rufe hanya, ya janye reshen da iska ta karya, ya girgiza kowane katakon shinge da ke bakin gangare ko ya yi lako-lako. Mu da muke hawa ranar Lahadi muna haki muna ɗaukar hoto, ba mu taɓa tambayar wanda ya gyara mana wurin sa ƙafa ba.

Wanda ya kai ƙarshen hanyar nan ya san abin da nake faɗa. Kana tafe cikin duhun itatuwa, sai kawai daji ya buɗe, ga kogi can ƙasa ya shimfiɗu har inda ido ya gaji, jiragen dakon masara sun koma kamar akwatin ashana, mikiya tana shawagi a ƙasan ƙafarka. A bayanka kuma ga tuddan kaburburan mutanen zamanin da, wani a dunƙule, wani an gina shi da siffar tsuntsu mai buɗaɗɗen fiffike. Kwando-kwando aka hau da ƙasarsu tun kafin a san da garinmu. Ko mai surutu in ya iso nan muryarsa sauka take yi.

Arlen yana da wata ɗabi'a da aka daɗe ana tsokanarsa a kai: ba ya taka tudun. Ko ciyawa zai yanke, daga gefe yake miƙa hannu. Matarsa Marlys takan ce, “Mutumin da ke shigo mini ɗaki da taɓo har kan darduma, wai shi ne mai ladabi a kan dutse!”

Sai ga guguwar bara. Da safe Arlen da abokin aikinsa Duane suka tarar wata ƙatuwar bishiya da ta tsiro a gefen tudun tsuntsu ta faɗi. Saiwoyinta sun tashi tsaye da ƙasar da suka riƙe, sun bar rami a buɗe cikin kabarin. Ga hadari ya sake haɗowa. In ruwa ya sauka a ramin nan, abin da ke ciki gangare zai bi zuwa kogi.

Arlen ne kaɗai ya leƙa. Ya tuɓe rigar ruwansa ya shimfiɗa a ciki, sannan ya kira Goggo Verna a waya, wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ho-Chunk, jikokin masu kaburburan nan, da ke hawowa kowace kaka ta zuba wa kakanninta garin taba. Ta iso da sandarta tana numfashi da ƙyar.

Masu aikin daji sun san cewa in aka yanke gungumen bishiyar da ta faɗi daga kusa da gindi, nauyin ƙasa yakan mayar da saiwoyin su zauna a raminsu. Sai dai gungumen gangare yake bi, don haka mai yanka ta sama yake tsayawa. Saman kuwa a nan shi ne tudun.

Duane ya ce, “Kai dai hau ka yanke mu tafi. Minti nawa ne? Waɗanda ke ciki ba za su kai ƙararka ba.”

Goggo Verna ma ta ce, “Ɗana, hau. Ni na ba ka izini.”

Arlen ya sosa ƙeya ya ce, “Goggo, izininki na karɓa, na gode. Amma ƙafar ce ba za ta yarda ba. Duane, ɗaure ni da igiya, kuma ka riƙe da kyau, na san hannunka da santsi.”

Ya zagaya ta gangare ya tayar da injin zarto. Duane ya ce ƙarar da saiwoyin suka yi da suka koma mazauninsu, a ƙirjinsa ya ji ta. Kabari ya rufu ruf. Gungumen kuma ya mirgino kamar yadda kowa ya sani zai yi, ya bi ta kan ƙafar Arlen ta hagu kafin ya wuce ƙasa. Ruwa ya kece Duane da waɗanda suka kawo ɗauki suna ɗauke da shi a hanya.

Ƙafar ta warke, amma ba ta koma ta hawan dutse ba, shi ya sa ya ajiye aiki a wannan kakar. Mutanen gari sun yi ta bugun cikinsa a shagon kofi: me ka gani a ramin? Ƙashi ne? Tukwane? Amsarsa ɗaya ce: “Abin da na gani ba nawa ba ne.” Marlys ta rantse ko ita bai gaya wa ba, kuma rigar ruwan da ta saya masa tana can ƙarƙashin ƙasa.

Arlen, kai ne ka riƙe amanar mutanen da ba danginka ba, waɗanda ba za su taɓa ce maka sannu ba. Kai ne mai gadin masu barci. Ina faɗa ba kunya, in na tuna ka tsaye a gangaren nan da igiya a ƙugu, tsigar jikina tashi take yi. Mun gode. Masu tasowa da za su gaji gatarin nan, ku gaji ƙafar ma tare da shi. Mu kuma masu yawon Lahadi, mu riƙa duba inda muke takawa.

Ranar sallamarsa, Duane da Marlys suka riƙe shi dama da hagu, ana tafiya ana hutawa, har tudun tsuntsu. Ganye ya yi ja ya yi rawaya, kogi yana ƙyalli a ƙasa. Goggo Verna tana jiransu a wurin. Ta kwance ƙullin tabarta, maimakon ta zuba da kanta yadda ta saba, sai ta juye a tafin hannunsa.

Ta ce, “Yau kai za ka gaishe su. Sun san ka.”

Arlen ya dubi tabar da ke hannunsa, idonsa ya ciko. Ya ba Marlys sandarsa, ya durƙusa da ƙyar a bakin hanya kan ƙafar mai lafiya, ya miƙa hannu iya tsawonsa ya zuba tabar daga gefe.