Sigarin da Ke Jiran Rezo

Mijina direban kar ne, wato babbar bas, cikin waɗanda ke kwasar ma'aikata daga garin Arlit zuwa wurin haƙar ma'adinai su dawo da su. Tun kafin aurenmu yake shan sigari, ban kuwa taɓa ƙorafi ba, don a littattafan soyayyar da na taso da su a Damagaram, namiji mai ɗan aibu guda ya fi daɗin so. Sai tari ya kama shi, irin wanda ke sa mutum ya dafa bango. Likita ya duba hoton ƙirjinsa, ya ce ƙurar wurin aiki kaɗai ta ishe shi, in zai ci gaba da haɗa ta da taba to kada ya sake zuwa ya ɓata masa lokaci.

Yayana mai fatauci zuwa Tamanraset ne ya kawo mini abin. Sigarin lantarki, baƙi, siriri, yana ƙyalli kamar kwalbar turare. Na naɗe shi cikin ƙyalle mai kyau, na ajiye a kan tire kusa da kofin shayin maigidan, na koma jikin ƙofa na sunkuyar da kai yadda na karanta ana yi. A littafi, a nan ne zai ɗago ido ya kira ni da wani suna mai sanyi. Shi kuwa ya jujjuya abin ya ce, "Uwargida, ta ina ake kunna masa wuta?"

Ashe ba ya tashi sai an haɗa shi da waya, an sauke wata aplikasiyo, wato manhaja. Wayar maigida ƴar ƙarama ce mai maɓallai, kira kawai take yi. Sai muka haɗa da tawa. Daga baya muka gane in ya yi nisa da wayar na ɗan lokaci sai ya kulle kansa, wai don kada yara su ɗauka. Da farko abin ya burge ni. Har na riƙa cewa a raina numfashin mijina ne ke neman hannuna. Ranar da ya dawo daga aiki ido jajir, abin ya ƙi masa tun hantsi, na daina wannan tunanin. Na miƙa masa wayata ya riƙa tafiya da ita. Duk littattafaina suna cikinta. Na yi ta wuni a gida ba karatu, ba hira da ƴan'uwa, na bar wani labari a daidai inda saurayi ya iso ƙofar gidansu yarinyar, kuma ban ji ciwo ba, domin warin taba ya fita daga rigunansa, tarin ma ya ragu. Har ya fara hawa kar yana ƴar waƙa.

Wata Juma'a da safe saƙo ya fito a wayar: sai an yi mizajur, wato an sabunta abin da ke cikin cikin sigarin, kafin ya sake ba da hayaƙi. Ba wanda ya tambaye mu ko muna so. Lafiya lau yake aiki jiya. A makon nan kuwa rezo, wato sabis ɗin waya, ya lalace a garin, kuran ma, wutar lantarki ke nan, sai ya zo ya tafi. Na danna, ya fara, ya kai rabi ya tsaya. Ƴar fitilarsa ta koma ja tana ƙyafta mini ido.

Na hau saman ɗaki da waya a sama kamar mai roƙon ruwa. Na hau kabu-kabu da tsakar rana zuwa bakin tasha, inda aka ce rezo ya fi ƙarfi. Daga nan na shiga kasuwa wurin wani mai gyaran waya, mutumin Tawa.

"Hajiya, mi ya same shi?"

"Ya ƙi sha. Wai yana jiran rezo."

Ya yi dariya har ya ajiye abin da ke hannunsa. "Wanga sigari ya hi ni gata. Ni ko rezo babu sai na yi aiki." Ya duba ya ce ba abin da zai iya, makullin yana can hannun waɗanda suka ƙera shi.

Haushinsu nake ji har yau. Mutane suna zaune a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, suka ƙera abin da mai neman barin taba zai jingina da shi, sannan suka ɗaura masa igiya suka riƙe bakinta. Wa ya gaya musu mai jin ƙishin taba yana iya jiran rezo? Sun taɓa ganin namiji yana tauna asuwaki har ya zama zare?

Maigida ya yi ƙoƙari, wannan shaida zan ba shi ko a gaban wa. Ya ci goro har bakinsa ya yi ja. Ya sha shayi. Ya yi mini tsawa a kan gishirin miya, ya dawo ya ba ni haƙuri. Ranar Lahadi ya ce bari ya je ya sayo burodi. Da ya dawo bai iya kallona ba, ni ma ban tambaya ba. Hancina ya riga ya gaya mini.

Da rezo ya dawo, ko ruwan shayi bai tafasa ba abin ya gama, fitila ta koma koriya. Na kai masa da hannu biyu.

"Ajiye shi, uwargida," ya ce. "Sigarin wurin mai tebur bai taɓa ce mini in jira ba."

Na roƙe shi, na yi kuka, na yi fushin da ba na littafi ba. Ya ce ba zai sake ɗora ransa a kan abin da wani zai kashe masa daga nesa ba. Wurin likita ma ya ƙi komawa, wai da wane ido zai kalle shi. Yanzu bayan katanga yake zagayawa ya sha don kada in gani. Ita kuwa aplikasiyo har yau tana turo mini saƙo da Faransanci, da ɗan hoton zuciya a gefe, wai sun yi kewata.