Injin Askin da Na Kai wa Ladan

Mun tashi da asuba ranar Alhamis daga Dogon Dutsi, mu biyu a kan babur ɗaya, ni da wani abokina mai kantin kayan lantarki a bakin kasuwa. Shi ke tuƙi, ni ina baya rungume da jaka kamar wanda aka ba ajiyar jariri. A cikin jakar akwai sabulu, da ganyen shayi, da turmin atamfa na kakata, sai wani ɗan kwali da na naɗe cikin baƙar leda har biyu. Wannan kwalin ne dalilin tafiyar, kuma har muka bar gida ko matata ban bari ta ga abin da ke ciki ba.

Bari in koma baya kaɗan. Kakana ladan ne a wani ƙauye gaba da Dumega, tun ban san kaina ba muryarsa ke tada garin. Shekaru sun ja, ciwon suga ya kama shi, hannunsa kuma ya soma rawa. A farkon damina ya yanke kansa da reza wajen aske gashin mara. Ga yanka, ga ƙuraje irin waɗanda ke fitowa idan gashi ya lanƙwashe ya koma cikin fata, abin ya ɗuri ruwa. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na gidan likitan yankin, ya yi masa magani har ya warke, amma ya kafa masa doka: kada reza ta sake kusantar jikinsa. To shi kuwa tsoho tun balagarsa bai taɓa barin kwana arba'in su cika bai yi wannan tsabta ba. Da suka cika suka wuce, sai ya daina kiran salla, ya ce wa mutane muryarsa ce ta dushe.

Kakata ce ta kira ni a waya. Ita dai mijinta take ce mini, kamar yadda kaka ke wasa da jika. Ta ce, "Mijina, ba muryatai ba ta. Kwana arba'in na sunka wuce mai. Ni idona ba su gani, shi hannu na rawa. Ubanka ba shi iya wagga magana da shi. Kai ɗai ka iyawa, kai da ba ka da kunya." Ban taɓa jin an yabe ni da rashin kunya ba sai ranar.

Kwalta daga Dogon Dutsi zuwa Kore Mairuwa ba ta da laifi, sai dai manyan motoci da ke wucewa su bar mu muna tangaɗi. Gero ya yi kai, dama da hagu kore shar, manoma sun riga rana fita. A wani shinge jandarma ya ce in buɗe jaka. Ya kwance leda ta farko, ya kwance ta biyu, sai ga kwalin injin aski da hoton wani ƙato ba riga yana murmushi. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce ko ni wanzami ne. Na ce koyo nake. Ya miƙo mini kayana yana dariya, ya ce Allah ya tsare kawunan mutane.

A Kore Mairuwa muka sha shayi da burodi, na sayi gasasshiyar masara wadda mai ita ta rantse da safen nan aka karyo ta, haƙorana kuwa suka ce tun shekaranjiya. Daga nan muka saki kwalta muka nufi Tibiri. Nan ne tafiya ta zama aiki. An yi ruwa kwana biyu kafin zuwanmu, kowane rami ya cika, ba ka sanin zurfinsa sai ka shiga. Sau biyu na sauka na naɗe wando na tura babur, mai tuƙi yana zaune a sama yana ba ni ƙwarin gwiwa da baki. Amma kyan fadamar nan ya biya ni wahalata: giginya da goriba sun yi jeri, gonakin rogo da rake sun bi kwari, balbelu fari fat a bayan shanu.

A Tibiri muka ci kwabto, zogale da ƙuli da albasa, dala ashirin aka cika mana kwano har muka rage. Muna ci abokina yana ba ni darasi ƙasa-ƙasa, don shi ya san kayansa. Ya ce injin yana da ɗan matsefin roba da ake maƙala wa bakinsa, shi ke hana ƙarfe taɓa fata. Ya ce askin da ake ƙwalƙwalewa har ƙasa shi ke sa gashi ya tsiro ya huda cikin fata, saboda haka a rage shi ƙwarai, amma a bar masa ɗan kai. A bi inda gashi ya kwanta, kada a danna, fata ta zama a bushe. In an gama a wanke da ruwa da sabulu, a share injin da ɗan buroshinsa, kuma ba a aronsa ga kowa. Na maimaita masa sau uku kamar mai hadda, mai kwabto tana kallonmu tana tsammanin karatu muke.

Bayan Dumega sai rairayi da hanyar amalanke. Mun isa ƙauyen dab da azahar. Kakata ta tarbe mu da fura, ta shafa fuskata da hannu don ta tabbata ni ne, ta ce na rame, matar birni ba ta iya ciyar da miji ba. Tsohon yana kan tabarma a gindin itacen bedi. Ya dube ni ya ce, "Ɓarawon mata ya iso." Na ce ai zuwa na yi in tafi da ita, tunda na ji an ce maigidan ya tsufa.

Muna cikin haka aka kira salla. Wani maƙwabci ne ya karɓi aikin, mutumin kirki, amma muryarsa kamar ana jan ƙofar kwano. Na saci kallon kakana. Ya sunkuyar da kai, leɓɓansa na motsi, yana bin kiran kalma bayan kalma, yana ja a inda ya saba ja. Wasan da ke bakina ya tsaya. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na kau da kai.

Bayan salla na bi shi ɗakinsa na saki labule. Na ajiye kwalin a gabansa na ce, "Tsoho, na kawo ma maganin murya." Ya juya kwalin, ya ga hoton, ya gane. Fuskarsa ta ɗaure. Ya ce, "Tsohuwar ga ta hwaɗa maka?" Na ce matata ce, ba ta ɓoye mini komai. Na fara tunanin na ɓata tafiyar. Da ubana ne ya kawo wannan magana, da yanzu ɗayansu ya bar ɗakin. Ni kuwa jika ne, zagina kawai zai iya yi, kuma ya yi, ya haɗa da kakannin kakannina, waɗanda nasa ne.

Da ya huce sai ya tambaya ko abin da ba reza ba yana isarwa. Na kira abokina, wanda ya fi ni karatu, ya tsuguna daga bakin ƙofa. Ya ce abin da ya koya wurin malamansa shi ne ana nufin a kawar da gashin a tsabtace wurin, ko da me aka yi, kuma mai lalura ba a ɗora masa abin da zai cuce shi. Ya ƙara da cewa sallarsa da kiransa ba su taɓa ɓaci ba. Tsoho ya ce, "Na sani, ɗana. Ba hukunci na ban sani ba. Kunyar wanda nika kira ma mutane nika ji."

Na kunna injin na gwada masa a ƙwaurina. Na nuna masa matsefin, da bin kwanciyar gashi, da yadda zai cika batirinsa da fitilar sola ta kakata, wadda take cajin waya da ita. Sai na cire matsefin don in nuna masa yadda ake share injin. Ya ce in ba shi ya ji nauyinsa. Kafin in ankara ya kama ƙeyata ya ce bari ya gani ko yana ci. Yana ci kuwa. Tun daga ƙeya har tsakar kai ya buɗe mini hanya, mai kwana-kwana kamar wadda muka biyo. Ya yi dariya har da tari, irin wadda kakata ta ce ta yi wata biyu ba ta ji ba. Na ce to ka gani, shi ya sa ba a cire matsefin. Ya mayar da shi da kansa, hannu na rawa, sai da ya ji ya ce ƙas.

Can ya ɗauki bokiti da sabulu ya nufi bayan gida, kwalin a ƙarƙashin riga. Katangar zana ba ta tare sauti, ƙugin injin ya fara fitowa har tsakar gida. Sai na ga kakata ta lalubi taɓarya ta hau daka da ƙarfi. Na leƙa turmin. Babu ko ƙwayar gero a ciki. Haka ta yi ta dukan turmi wayam, tana haki, har ƙugin ya tsaya, don kada maƙwabta su ji su yi tambaya. Shekara hamsin da wani abu suna tare, ban taɓa jin ɗayansu ya ce yana son ɗaya ba, amma ranar na gani da idona.

Ya fito ya koma kan tabarmarsa. Da la'asar na kasa kunne, sai na ji maƙwabcin nan ne ya sake kira. Abokina yana da kanti, hadari kuma ya haɗu a gabas, dole muka yi sallama. Tsoho ya rako mu bakin zaure, ya ɗora mini tsohuwar hularsa a kai ya ce in rufe aikinsa kada a yi masa sata. Na tambaye shi ko in ba da labari, ya ce in bayar, akwai tsofaffi da yawa da ke fama a ɓoye, amma kada in ambaci sunan gari.

Ruwa ya kama mu kafin Kore Mairuwa, muka shiga Dogon Dutsi cikin dare sharkaf. Matata ta cire hular ta ga hanya, ta tambayi wane wanzami ne ya yi mini haka. Na ce sabon shiga ne, amma yana da hannu.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Muna kai wa tsofaffinmu shinkafa da atamfa mu ce mun sauke nauyi, alhali abin da ke hana su barci wani lokaci ƙarami ne, kunya ce kawai ta rufe shi, kuma ba za su taɓa roƙo ba. A kowane gida akwai wanda al'ada ta ba izinin yin maganar da sauran ba sa iyawa. In kai ne, kada ka tsaya a wasa kawai.

Washegari Juma'a, ina shirin masallaci, waya ta yi ƙara. Kakata ce. Na yi sallama ba ta amsa ba, sai iska da kukan kaji. Har zan kashe, sai na ji ta daga nesa, ta lasifikar masallacin ƙauye: muryar nan da na tashi da ita, ta tsufa, tana ɗan rawa, amma tana ja a inda ta saba ja. Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa har ya kai ƙarshe, hawaye na zuba.

Sannan kakata ta dawo da wayar bakinta ta ce, "Ka jiya? To ka nemi wata matar. Ni na koma ga mijina."